Sun mayar da ni mutum-mutumin shago, abokaina kuma na cewa gata na samu

Assalamu alaikum Anti. Ni saurayi ne ɗan shekara 26 a nan cikin Kano. Ina aiki a shagon wata Hajiya da ke sayar da kayan maza, shaddoji da yadudduka da huluna da ɗinkakkun kaya. Da farko aikina jiran kanta ne da rubuta ciniki. Wata rana yaron da ake saka wa kaya a ɗauki hoto bai zo ba, Hajiya ta ce in saka. Bidiyon ya yi tashe a TikTok, tun daga ranar ni ake ɗauka. Ba zan ɓoye miki ba, da farko na ji daɗi. Yanzu kuwa abin ya sauya. Ana sa tela ya matse min riga, a ce in ɓalle maɓallin ƙirji, in naɗe hannu. Ita ta biya min kuɗin gidan motsa jiki, a can ma wani ya ce akwai allurar da za ta buɗa min ƙirji cikin ɗan lokaci. Abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon, mata har da wasu maza, bakina ba zai iya maimaitawa ba. Ƙawayen Hajiya na zuwa shago ba don sayayya ba. Wata ta matse min dantse a gaban mutane tana tambaya ko har da ni ake sayar da rigar. Wata ta karɓi lambata a wurin Hajiya tana kirana cikin dare, har alƙawarin mota ta yi min. Na yi wa Hajiya magana sau ɗaya, ta yi dariya ta ce ai ni ne jarin shagon. Abokaina a majalisa cewa suke na samu gata ina butulci. Wadda zan aura, an riga an kai kuɗi, ta ga abin da ake rubutawa, ta ce da ba na so da tuni na daina. Mahaifinmu ya rasu, da albashin nan nake riƙe da Umma da ƙannena. Ji nake kamar mutum-mutumin da ake rataya wa kaya. Ni ne na cika ƙorafi? Namiji ma ana ci masa mutunci ta wannan hanyar? In bar aikin ne?

Ɗanki daga cikin birni.

Wa'alaikumus salam ɗana. Ba ka cika ƙorafi ba, kuma e, ana ci wa namiji mutunci ta wannan hanyar. Na fara da wannan ne saboda na ga duk wanda ka kai wa kukanka dariya ya yi maka, har ka fara tuhumar kanka.

Ka gwada abokanka da wannan tambayar. A ce mai shagon Alhaji ne, mai jiran kanta kuma ƙanwar ɗaya daga cikinsu. Alhaji ya sa a matse mata riga, abokansa suna zuwa kallonta, ɗaya ya kama mata hannu yana tambayar farashinta, Alhaji ya ba wani lambarta ba da saninta ba. Wa zai ce ta samu gata? Kafin la'asar an cika ƙofar shagon. Abin da aka yi maka ke nan ba ragi. Abin da ya hana su gani shi ne yadda muka rene ku: tun kuna yara ake nuna muku cewa namiji kullum shi ne mai nema, ba a yi masa tayi ya ƙi, idan ya ƙi kuwa to ko dai ragon maza ne ko akwai abin da ke damunsa. Wanda aka gina a kan haka, in mace ta shiga haƙƙinsa, bai ma san da wane baki zai faɗa ba. Ita kanta dokar ƙasa ta daɗe a kan wannan tunanin. Sashe na 282 na kundin Penal Code da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya ɗauki fyaɗe a matsayin abin da namiji ke yi wa mace kawai. Sai a 2015 dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP, ta fito fili ta ce namiji ma ana iya yi masa. Naka bai kai can ba, Allah ya kiyaye, na kawo maka ne don ka ga ba abokanka kaɗai ne suka makara ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu da muka tashi da Suratu Yusuf a kunnenmu. Ba ina haɗa ka da Annabin Allah ba ne, amma ka sake sauraron ƙissar da kunnen wanda abin ya shafa. Saurayi ne a ƙarƙashin ikon uwar ɗakinsa, a gidanta yake ci, a gidanta yake kwana. Ta neme shi ya ƙi. Da matan gari suka fara gulma, sai ta shirya musu liyafa, ta ba kowacce wuƙa, ta umarce shi ya fito su gan shi, suka yanke hannayensu saboda kallo. Ba a tambaye shi ko yana son fitowa ba. An nuna shi ne kamar yadda ake nuna abin da aka mallaka. Da ya ga inda aka dosa, sai ya ce wa Ubangijinsa kurkuku ta fi masa abin da suke kiransa zuwa gare shi. Babu inda Alƙur'ani ya kira wannan butulci ko rauni. A Suratun Nur kuma, aya ta 30 ta umarci muminai maza su runtse ganinsu, aya ta 31 ta juyo kan muminai mata da irin umarnin. Mu ne muka riƙe rabi muka saki rabi, kamar idon mace ba ya ɗaukar alhakin kowa.

Kada kuma ka fahimce ni a kan cewa kyau laifi ne, ko tallan kaya aikin banza ne. Allah ya yi ka da siffa mai kyau, ka gode masa. Tela na buƙatar wanda zai saka ɗinkinsa a ga yadda ya zauna, sana'a ce kamar kowace. Jikin namiji ma ba yau aka fara kallonsa a ƙasar Hausa ba. Ɗan dambe na shiga fage ƙirji a waje, jama'a na ihu. Amma shi ya kai kansa, makaɗi na kiran sunansa da garinsu da waɗanda ya kayar, abin da ake yabo bajintarsa ce, kuma babu mai tsallakowa cikin fage ya lallatsa masa dantse. Kai kuwa an cire sunanka da aikinka da ra'ayinka, an bar ƙirji da kafaɗa. Ranar da aka daina tambayar ko ɗinkin ya yi kyau aka koma cewa ka ɓalle maɓalli, ranar aka daina tallan shadda. Ka ambaci mutum-mutumi, sai na tuna 2021 lokacin da Hisbah ta hana teloli da masu shaguna a Kano amfani da shi wajen baje kaya, aka yi ta ce-ce-ku-ce a rediyo da intanet. An yi dogon zance a kan na roba. Samari da 'yan matan da ake tsayarwa a madadinsa a gaban waya, har yau ban ji an zauna an yi maganar haƙƙinsu da irin wannan zafin ba.

Mu duba Hajiya da adalci. Mai yiwuwa ba ta tashi da nufin wulaƙanta ka ba. 'Yar kasuwa ce, ta ga bidiyon da ka naɗe hannu ya fi na babbar riga samun masu kallo, sai ta bi inda lamba ta fi yawa. Haka manhajojin nan ke aiki: abin da mutane suka daɗe suna kallo, suka yi ta rubutu a ƙasansa, shi ake ƙara turawa gaban wasu, ko rubutun yabo ne ko batsa. Wannan zai iya zama uzurinta a kan bidiyo. Ba uzuri ba ne a kan ba da lambarka, ba kuma uzuri ba ne a kan dariyar da ta yi lokacin da yaron da ke ƙarƙashinta ya zo mata da kuka. Wanda ya ɗauki ɗan mutane aiki amana ya ɗauka. Ƙawayenta kuwa ba ni da abin kare su da shi. Mace mai shekaru da ta san mai shago ƙawarta ce, ta san ba ka da bakin mayar mata da magana, ta kama ka a gaban jama'a, ta san abin da take yi.

Kai ma akwai naka, ba laifi nake nufi ba, gyara. Don ka ji daɗi da farko ba shi ke nuna ka sa hannu a kan duk abin da ya biyo baya ba, kowa na son a yaba masa. Amma ina jin har yanzu kana buɗe bidiyon kana karanta abin da aka rubuta, ranka na ɓaci kana ci gaba da karantawa. Ka daina. A 1997 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Barbara Fredrickson da Tomi-Ann Roberts, suka yi bayanin yadda wanda aka saba kallon jikinsa kawai yake komawa kallon kansa da idon masu kallonsa, ya riƙa sa wa jikinsa ido dare da rana, kunya da fargaba su biyo baya. A kan mata suka yi maganar, daga baya aka ga maza ma ba su tsira ba. Allurar da aka yi maka tayi a gidan motsa jiki ta wannan ƙofar take shigowa. Irin waɗannan allurai na ƙara tsoka suna sa jiki ya rage samar da sinadarin mazantaka na kansa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani ma nono ya fito masa, ga hawan jini da illa ga hanta da zuciya da saurin fushi. Kai da ke shirin aure, kada ka bari ko da wasa a soka maka. Motsa jiki kuwa lafiya ne, in kana so ka ci gaba, amma ka biya da kuɗinka ko ka koma gudu da ƙwallo a filin unguwa, don kada gobe a ce da kuɗin wata aka gina jikin.

Sai maganar Hajiya. Wancan karon ina zaton a tsaitsaye ka yi mata, cikin jin nauyi, shi ya sa ta share da dariya. Wannan karon ka nemi ta ba ka lokaci, a shago, da rana, ba a gaban sauran yara ba, ba kuma a gidanta ba. Ka fara da godiya, don ta cancanci godiya a kan aikin da ta ba ka. Sannan ka ce mata kai tsaye: "Hajiya, ina son aikina kuma ina son shagon nan ya ci gaba, amma akwai abin da ba zan ƙara yi ba. Zan saka kaya yadda magidanci zai saka su ya je masallaci ko ɗaurin aure. Ba na son a ƙara ba kowa lambata, ba na son a taɓa ni." Ka roƙi a riƙa nuna maka bidiyo kafin a ɗora, a tace kalaman batsa ko a rufe wurin sharhi gaba ɗaya, TikTok da Instagram duk suna da wannan damar, kuma a sauke tsofaffin da suka fi jawo maganganun. Idan har kai ne jarin shagon kamar yadda ta faɗa, to tallan aiki ne daban da jiran kanta, a yanka masa ladansa, a rubuta.

Ka ba ta hujjar da ɗan kasuwa ke ji. Masu rubuta batsa a ƙarƙashin bidiyo ba su ne masu sayen shadda ba. Masu sayenta magidanta ne da angwaye da iyayen da ke yi wa yara ɗinkin Sallah, kuma a garin nan da zarar shago ya yi suna da abin da bai dace ba, irin waɗannan sai su sauya hanya ba tare da sun ce komai ba. Ta kuma san Hisbah da kotunan Kano sun sha kiran masu TikTok a kan abin da suka ɗora. In aka zo nan, fuskarka ce a bidiyon, ba tata ba. Bayan kun gama, ka tura mata saƙo ta WhatsApp cikin ladabi, kana gode mata kana maimaita abin da kuka tsayar, don maganar ta zama a rubuce. Idan ta sake mayar da abin wasa, ka nemi babban da take jin nauyinsa, wanda ya kawo ka aikin ko wani dattijo cikin shugabannin 'yan kasuwar wurin. Ban ba ka shawarar zuwa wurin mijinta ba. Wannan wuta ce da ba ka san iyakar inda za ta ci ba, kuma kai za ta fara lasa.

Mai kiran dare, saƙo ɗaya ya ishe ta: "Hajiya, ki yi haƙuri, ni ɗanki ne, kuma an kusa ɗaura min aure. Don Allah kada ki ƙara kirana." Ka ɗauki hoton saƙonninta ka adana, sannan ka toshe lambar. Kada ka karɓi komai daga hannunta, ko katin waya ne, balle mota. Kada ka tura wa kowa hotonka da ba za ka so Umma ta gani ba, domin da irinsa ake juyowa a tatsi mutum ko a yi masa barazana. Idan wani ya fara yi maka barazana ta waya, wannan laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, ka kai wa 'yan sanda da hujjarka. Mai taɓa ka kuma, ka ja da baya taku ɗaya, ka ce da murya da na kusa zai ji, ba tsawa ba, "Hajiya, don Allah a daina taɓa ni." Yawanci sau ɗaya ake faɗa. Wani abu kuma da nake so ka riƙe da kyau: kada ka yarda a aike ka kai kaya gidan ɗayansu kai kaɗai, kada ka shiga sito da wata ba na uku. Idan magana ta juye, kai za a fara zargi, saboda kai ne namiji kuma kai ne talaka. Annabi Yusuf ma da rigarsa da ta yage ta baya aka gane gaskiyarsa, duk da haka sai da ya yi zaman kurkuku.

Barin aiki fa? Ba gobe da safe ba. Akwai bakuna a bayanka, kuma samun aiki a garin nan ba wasa ba ne. Amma daga yau ka fara shiri, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka iya rubuta ciniki, ka san shadda da yadi, ka san masu saye. Ka zaga Kantin Kwari da Ƙofar Wambai, ka gaisa da mutanen da kuke sarin kaya a wurinsu, ka bari a san kana nema. Fuskar taka ma da aka sani jari ce, amma taka ce: akwai teloli da masu huluna da za su biya ka ka saka musu kaya cikin kamala, bisa sharaɗinka. Ka shiga adashe ko ka riƙa ware wani abu duk wata. Ka ba Hajiya wata ɗaya ko biyu ka ga ko za ta cika abin da kuka yi. In ta gyara, ka zauna, ka riƙe mata amana. In ta ce sai dai ka ci gaba yadda ake yi ko ka kama gabanka, ko ta fara matsa maka ka kula ƙawarta, to ka tafi ko da abin da ka samu bai kai wannan ba. In kuma ta kore ka saboda ka ƙi, ko ta riƙe maka albashi, kana da inda za ka. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, kuma gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin sauraron ƙarar cin zarafi irin wannan a wurin aiki. Najeriya ta kuma amince a 2022 da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 190, wadda ta haramta tsangwama a wurin aiki ga mace da namiji. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da hukumar ba da tallafin lauya ga marasa ƙarfi duk suna da ofis a Kano. Shari'a na cin lokaci, sau da yawa sulhun manya ya fi sauri, amma wanda ya san yana da haƙƙi ba ya zama a teburin sulhu kamar mai bara.

Na bar maganar yarinyar nan da za ka aura zuwa yanzu saboda ita ta fi damuna. Maganarta ta yi maka zafi, na sani, amma ka tsaya a inda take. Tana buɗe waya tana ganin mata na rubuta wa wanda za ta aura abin da ita kunya ba za ta bar ta ta faɗa masa ba, ƙawayenta na turo mata, kai kuma ka yi shiru. Shirun nan ta fassara da jin daɗi. Ka je zance ka faɗa mata komai, har da na dantsen da na motar, kafin ta ji a bakin wani. Ka nuna mata saƙon da ka tura wa mai kiran dare da wanda za ka tura wa Hajiya. Sannan ka tambaye ta ko ita an taɓa yi mata irin wannan, a adaidaita sahu, ko a kasuwa, ko a makaranta. Ina kyautata zaton za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba, domin abin da ya zo maka a shekara 26 yawancin mata tun suna 'yan mata ƙanana suke haɗiye shi. Saboda haka kada ɓacin ran nan ya sa ka fara cewa mata kaza ne mata kaza ne, kamar yadda na ga wasu samari na yi a intanet. Mata kaɗan ne suka yi maka ba daidai ba, kuma wadda za ta fi kowa gane ciwonka mace ce. Idan bayan ta ji komai, ta ga matakin da ka ɗauka, ta ci gaba da goranta maka, wannan wata magana ce da za ku zauna a kanta kafin a sa rana.

Majalisa kuwa ka daina kai musu wannan zancen. Ka zaɓi mutum ɗaya mai hankali a cikinsu, ko wani yayanka, ko malamin da kake ɗaukar karatu a wurinsa, wanda zai saurare ka ba tare da ya mayar da kai abin hira ba. Umma ma ka sanar da ita, ba sai ka zayyana mata komai ba. Ka ce mata akwai abin da ake sa ka a wurin aiki da bai kwanta maka ba, kana neman gyara, in bai gyaru ba za ka sauya wuri, kuma wataƙila a ɗan matsu na wani lokaci. Gara ta ji daga bakinka da a nuna mata bidiyon a gidan biki, kuma addu'arta za ka buƙata ranar da za ka zauna da Hajiya. Allah ya ba ka mafita ta alheri, ya sanya albarka a auren. Ka sake rubuto min in ji yadda kuka ƙare.